Buhun Dawar da Baba Ya Mayar: Nazarin Wani Lamari a Wata Ikilisiya a Marwa

Wata Talata da hantsi ina zaune a ɗan ofishin coci ina kwafe sunayen masu shirin baftisma, sai na ji ƙarar amalanke a tsakar gida. Da na leƙa, jikar Baba ce ta turo buhun dawa tun daga unguwarsu, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Kawu, Baba ya ce in gaishe ku, ya gode ƙwarai. Wai a bai wa wanda ya fi shi bukata." Na duba bakin buhun. Ɗinkin da na yi da basilla ranar Asabar yana nan yadda yake, ko zare ɗaya ba a kwance ba.

Watan Agusta ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kwanon dawa ya yi tashin gwauron zabo a kasuwa. A cikinmu kaf babu gidan da ya fi nasu bukata. Wanda ya mayar da hatsi a irin wannan wata, magana ce ya aiko, mai nauyi kuwa.

Ni ne magatakardan majalisar ikilisiyar, littafin taro yana hannuna, don haka na san inda lamarin ya faro da inda ya kwana. Ina kuma cikin masu laifin. Ba zan ambaci sunan cocin ko na wani mutum ba. Dattijon da abin ya shafa zan kira shi Baba, yadda kowa ke kiransa.

Yadda muka taru

Marwa, a can arewacin Kamaru, garin Fulatanci ne, ofis da makaranta kuma Faransanci. Da waɗannan biyun ake sujadar safe a cocinmu. Tamu ta Hausa sai an tashi daga waccan ake shiga, rana ta riga ta ɗaga. Da can mu 'yan kaɗan ne, 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da iyalansu. Sai Boko Haram ta ci Gwoza a watan Agusta na 2014, mutane suka tsallako duwatsun Mandara daga su sai kayan jikinsu. Akasarinsu sun tsaya a sansanin Minawao da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, masu dangi a gari kuma suka zarce Marwa. Cikin 'yan watanni bencinanmu suka cika da Glavda da Mafa da Margi da Kamwe, kowa da harshen gidansu, amma addu'a da waƙa da karatun nassi duk da Hausa suka taso suna yi. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, tsofaffinsu da yawa da shi suka koyi haɗa baƙi.

A Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a Marwa, a babbar kasuwa da unguwar Barmare, bayan kwana uku kuma a unguwar Pont Vert. Daga nan baƙon da ke jin Hausa amma ba ya jin Fulatanci ko Faransanci ya zama abin kallo da wutsiyar ido. A ƙofar coci ana caje jaka. Mu ma sai muka shiga taka-tsantsan har ya wuce kima: kada mu jawo magana, kada masu masaukinmu su ce mun kawo musu ƙazanta ko cuta. Ban kawo wannan don in wanke mu ba, amma tsoron da ya haifi abin da ya biyo baya, a wannan ƙasar ya tsiro.

Cikin waɗanda suka zo har da Baba, tare da 'yarsa gwauruwa da 'ya'yanta. Ya haura shekara 70. Kuturta ta kama shi yana saurayi, ya sha magani shekara da shekaru a wani asibitin mishan can gida, har aka sallame shi da takardar shaidar warkewa. Takardar tana cikin leda a tsakiyar Littafinsa, da su biyun nan kawai ya hau dutse daren da suka gudu. Cutar ta tafi ta bar tabonta. Yatsun hannunsa sun guntule, abin da ya rage masa tafuka ne da ɗan guntun babban yatsa a dama, ƙafafunsa kuma ba sa jin zafin ƙasa ko sukar ƙaya. A ƙauyensu shi ne na hannun daman mai bishara, shi ke ta da waƙa, shi ke karanta nassi idan mai bishara ya yi tafiya. Duk wannan sai daga baya muka ji, don ba wanda ya tambaya. Mu dai mun ga hannu, muka rubuta sunansa a jerin mabukata.

Kuma mun yi masa. Hatsi duk lokacin rabo, sabulu daga Zumuntar Mata, kuɗin haya ba sau ɗaya ba. Da an tambaye mu a lokacin, da mun bugi ƙirji mun ce babu wanda ikilisiya ta riƙe kamarsa.

Kofi mai jan zare

A wancan lokacin babban kofi ɗaya muke sha da shi a Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan kofi tare don tunawa da mutuwar Yesu, a cika shi da ruwan zoɓo, wanda a nan ake kira folere, mai hidima yana goge bakin da farin ƙyalle bayan kowane mutum. Lahadin farko da Baba ya zo tebur, wasu da ke bayansa a layi suka sulale suka koma mazauninsu. Dattijon da ke shirya tebur ya lura. Bai kai maganar majalisa ba, bai gaya wa Fasto ba. Kasuwa ya je ya sayo kofin roba mai mariƙi, ya ɗaura masa jan zare don kada ya cakuɗe da wasu. Daga ranar, in layi ya zo kan Baba sai mai hidima ya sauya hannu ya miƙa masa nasa. Bayan sujada ana wanke kayan tebur a roba ɗaya, mai jan zaren kuwa a kwara masa ruwa daga nesa, a kife shi a taga ya bushe shi kaɗai.

Na ga kofin nan a taga ya fi a ƙirga, ban taɓa cewa uffan ba. A raina ina ganin dabara ce ta manya: ga Baba yana sha, ga jama'a ba su watse ba.

Sai korona ta zo. A Maris na 2020 gwamnati ta hana taron da ya wuce mutum 50, da aka dawo sujada yadda aka saba kuma muka bar babban kofi, muka koma ƙananan kofunan roba irin waɗanda ake jerawa a tire mai ramuka, a bi benci-benci kowa ya ɗauki nasa. Na tuna dattijon nan yana cewa da fara'a, "To madalla, yanzu kowa da nasa, bambanci ya ƙare." Aka jefar da mai jan zare.

Ba wanda hankalinsa ya kai ga hannun Baba. Babban kofi ko mai mariƙi, tafukansa biyu yake haɗawa ya tallafe shi ya kai baki. Wannan ɗan mitsitsin kuwa yana zaune ne cikin raminsa, sai da yatsu biyu ake tsamo shi. Ranar farko yaron da ke riƙe da tire ya tsaya a gabansa. Baba ya gwada da guntun yatsan, kofin ya sulɓe. Ya sake gwadawa da gefen tafi, sai ya ture na kusa da shi, jan zoɓo ya malala a tire ya ɗiga a farar rigarsa. Coci ya yi tsit. Wata 'yar yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta toshe mata baki. Yaron ya rasa abin yi, ya ɗan yi jim, sai ya wuce wurin na gaba. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon rigar har aka rufe da addu'a.

Tun daga nan, duk Lahadin Jibi sai ya fita kafin a yaye mayafin tebur, wai ƙafa ce ke damunsa. Muka karɓi wannan uzurin hannu biyu-biyu, don ya sauƙaƙe mana.

Bayan kofi mai zare da ƙaramin kofi, abu na uku ya faru ne ranar baikon godiya. Bayan girbi kowa kan kawo abin da Allah ya ba shi a tara a gaban bagade, in an tashi a yi gwanjo, kuɗin ya shiga asusun coci. A shekarar Baba da jikokinsa sun ari ɗan fili a bayan gari sun shuka gyaɗa. Ya kawo kwano biyu, ɓararriya, an tsince ta tsaf, ya ɗora a ka da kansa ya shiga layin masu rawa. A gwanjo an sayi kaji, an sayi kabewa da masara, har tsintsiya sai da aka yi ja-in-ja a kanta. Da aka ɗaga gyaɗar aka faɗi mai ita, ba wanda ya taya. Mai gwanjo ya kira sau uku ya ajiye. Da yamma wani mai hidima, da kyakkyawar niyya, ya cusa ta cikin buhun rabon da za a kai gidan Baba. Wato baikonsa muka mayar masa da sunan taimako. Tun daga ƙullin ledar jikarsa ta gane gyaɗar.

Bayan Kirsimeti ya daina zuwa gaba ɗaya. Muka ce tsufa ne, muka ci gaba da aika hatsi. Buhun na Agusta ma wani yaro mai babur na ba, ya sauke shi a ƙofar gida ya yi hon ya juya, ko sallama bai yi ba.

A zauren maƙwabci

Washegarin ranar da aka dawo da buhun muka tafi mu uku: Fasto, da ni, da wata gwauruwa mai tuyar ƙosai, wadda ita kaɗai ce a cikinmu ba ta daina leƙa gidan ba. Ba mu same shi a gida ba. Yana zauren maƙwabcinsa, wani dattijo Bahaushe Musulmi, tela, suna cin tuwo da miyar kuka a kwano ɗaya. An ɗaure wa Baba cokali a tafi da tsinken robar tayar keke, yana yanka tuwonsa yana kai baki ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba. Telan ne ya yi masa ɗaurin, har ya ɗinka ɗan ƙyalle a ciki don kada robar ta ci masa fata.

Mai gida ya matsa ya ce, "Bismillah, ku sa hannu." Fasto ya wanke hannu ya zauna. Ni hannuna ya yi nauyi. Na sa daga ƙarshe, amma Baba ya ga jinkirin, na kuma ga ya gani. Telan bai ɗago kai ba ya ce, "Malam, shekara nawa muna ci tare da mutumin nan, ga yatsuna goma cif."

Bayan an ɗauke kwano, Fasto ya kawo maganar buhu. Baba ya daɗe bai amsa ba. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, ba ɗaga murya.

"Ɗana, ba fushi nake ba. Yunwa na san ta, na kwana uku a kan dutse ban sa komai a baki ba. Amma ba yunwa ce ta kai ni coci ba. Kofi mai zare na haƙura, na ce ni baƙo ne. Ranar da zoɓo ya zube na yi ta sauraron ƙofa, ko wani zai zo ya ce, Baba, yaya za mu yi? Ba wanda ya zo. Sai gyaɗa. Ni Allah na ba. Ku ne kuka dawo mini da ita."

Ba mu da amsa, ba mu kuma yi ƙoƙarin ƙirƙiro ta ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu tabarma muka yi ta aikawa.

Zaman majalisa

Ranar Asabar majalisa ta zauna, daga la'asar har aka kunna fitila. Mun gayyaci gwauruwar nan, da wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya, muka ce ma'aikaciyar jinyar ta fara.

Ta yi bayani dalla-dalla. Kuturta ƙwayar cuta ce, wani likita mai suna Hansen ya gano ta a 1873 a Norway, ƙasar da 'yan mishan ɗin da suka sauka garin Ngaundere na nan Kamaru a 1925 suka fito. Ba a gadonta a jini, cin kifi da nono ba ya kawo ta, ba kuma la'ana ba ce. Daga hanci da bakin wanda bai fara magani ba take fita, sai kuma an yi wata da watanni ana zama kusa da kusa, yawancin mutane ma jikinsu ba ya karɓarta. Gaisawa da hannu ko ci a kwano ɗaya ba sa sa a kamu. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su, a sha wata 6 ko wata 12 gwargwadon nau'in cutar, kuma da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Guntulewar yatsu kuwa, jijiyar ji ce cutar ke kashewa. Mutum ya riƙe tukunya mai zafi bai sani ba, ya taka ƙusa bai ji ba, rauni kan rauni har gaɓa ta cinye. Shi ya sa kowane dare Baba yake jiƙa ƙafafunsa a ruwa, ya goge kaushin da dutse, ya shafa mai, ya duba tafin ƙafar da ɗan guntun madubi. "Abin da kuke gani a hannunsa tabo ne, kamar tabon wuta," in ji ta. "In don cuta ne, mai mura ko gudawa da ke gefenka ya fi shi abin tsoro a kan kofi. Kwalarar 2010 da ta yi mana ɓarna a yankin nan, ba kutare suka kawo ta ba."

Dattijon tebur ya nemi magana. Ba mugun mutum ba ne, dole in faɗi haka. Shi ne ya goya Baba a babur zuwa asibiti lokacin da gyambon ƙafarsa ya tashi, shi ya biya kuɗin maganin. Ya ce, "Iyayena da 'yan'uwana, ni jama'a na duba. Da na bar shi ya sha a kofi ɗaya, rabin coci ba za su zo tebur ba. Na zaɓi in ɓata wa mutum ɗaya da in rasa ɗari." Wani dattijo ya mara masa baya da Littafin Firistoci sura 13, inda aka ce mai irin wannan cuta ya zauna a bayan zango.

Fasto bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce masana nassi sun nuna kalmar da ke wurin ta haɗa cututtukan fata iri-iri, har da tabon da ke fita a tufafi da bangon gida, ba wannan cutar da likitoci suka sani yau kaɗai ba. Ya tuna mana cewa a Markus sura 1 Yesu hannu ya miƙa ya taɓa kuturun, alhali da magana kawai yana iya warkar da shi, a sura 14 kuma a gidan Saminu kuturu yake zaune yana cin abinci a Betanya. Sannan ya buɗe 1 Korintiyawa, inda Bulus ya tsawata wa ikilisiyar da ke kunyata marasa galihu a wurin Jibi, ya kuma ce gaɓoɓin jiki da ake gani kamar su ne raunana, su ne ba a iya yi sai da su. Ya rufe Littafin ya ce, "Ba cewa ya yi a ji tausayinsu ba. Cewa ya yi ba a iya yi sai da su. Mu wace rana muka nuna wa Baba ba ma iya yi sai da shi?"

A ganina, bayanin 'yar'uwar nan da na Fasto sun shiga kunne, amma ba su kai ciki ba tukuna. Ƙyanƙyami abu ne da aka sha a nono, ba ya fita da zama ɗaya. Shaidar haka ita ce, nan take muka koma halinmu, muka shiga jera wa Baba mafita. Wani ya ce Fasto ya riƙa kai masa kofi baki da hannunsa. Wani ya ce a tsayar da sujada a nemi gafararsa a gaban kowa. Shugaban matasa ya ce ai akwai ranar kutare ta duniya, Lahadin ƙarshe ta Janairu, wadda Bafaranshen nan Raoul Follereau ya kafa a 1954, a yi bikinta a ba Baba dama ya ba da shaida. Ni har na fara rubutawa.

Sai mai ƙosai ta gyara zama. "Iyayena, ku gafarce ni, ni ban yi karatu ba. Sau uku ke nan kuna yanke wa Baba abin da ya dace da shi, da zare, da ƙaramin kofi, da gyaɗa, duk da kyakkyawar zuciya. Yau ma na ji kuna shirin na huɗu. Shi ba shi da baki ne?"

Na ajiye biro. Abin da aka rubuta a littafin taro a daren layi ɗaya ne: a je a tambayi Baba.

Abin da ya ce, da abin da aka yi

Duk shawarwarin nan uku ya ƙi su. Game da kai masa kofi baki ya ce, "Ni ba jinjiri ba ne. Hannuna na kai abu baki, muddin abin ya zauna a tafi." Game da neman gafara a bainar jama'a ya ce, "An kalle ni ranar zoɓo, ya isa. Kada a sake tara mutane su kalle ni." Ranar Janairu kuwa ya ce a yi, ya kamata mutane su san gaskiyar cutar don wanda ya ga farin tabo marar ji a jikinsa ya ruga asibiti da wuri, amma kada a tsayar da shi a gaba kamar kayan nuni.

Abin da ya nema uku ne. A samo kofi mai faɗin baki, amma kada ya zama guda ɗaya. Dattijon tebur ya zo da ƙafarsa su yi magana su biyu. Sannan, in babu damuwa, a bar shi ya riƙa ta da waƙa a addu'ar safiyar Laraba, don ya lura matasa sun manta rabin baitocin tsofaffin waƙoƙi.

Muka sayo ƙananan kofunan silba masu faɗin baki, aka riƙa jera su a faranti shimfiɗaɗɗe da ke bin kowane tire. Sanarwar da aka yi gajeriya ce: wanda ƙaramin kofi ke ba shi wuya, ga mai faɗi. Lahadin farko Fasto da dattawa duk daga farantin suka ɗauka. Da aka zo bencin Baba ya haɗa tafukansa ya ɗaga ya sha, ya mayar. Daga baya ne muka ga abin da ya ba mu kunya ta wata fuskar: wata tsohuwa mai karkarwar hannu ta ɗauki mai faɗi, wani ɗan'uwa makaho ma haka, da mata masu jarirai a hannu. Tsohuwar ta gaya wa matar Fasto cewa tun ranar da ta ga zoɓo ya zube wa Baba take barin tire ya wuce ta, don tsoron kada a yi mata dariya. Ba mu taɓa lura ba. Yanzu duka kofunan roba ɗaya suke shiga, da sabulu da ruwan zafi.

Dattijon tebur ya je shi kaɗai, ya daɗe. Abin da suka faɗa ya tsaya tsakaninsu. Da ya dawo ya roƙi a bar shi ya riƙa ɗaukar farantin ɓangaren da Baba ke zama.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Matakalar ƙofa uku da ke wahalar da tsofaffi muka cike gefenta da siminti ta zama gangara, abin da dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 kan masu naƙasa ta riga ta nema a gine-ginen da jama'a ke shiga. Buhun rabo ba a ƙara ba ɗan aike ba, ɗan majalisa ne ke kaiwa, ya shiga ya zauna ya sha ruwa. Ni kuma na sake jerin mabukata, na ja layi a tsakiyar shafi, gefe ɗaya abin da mutum ke bukata, ɗaya gefen abin da ya iya. Cike gefe na biyu ya ɗauke ni makonni, don sai na je gida-gida na tambaya. A nan na gano makahon nan gwanin saƙar kujera ne, shi ya gyara mana kujerun mawaƙa, aka kuma biya shi kuɗin aikinsa.

Addu'ar Laraba ta canza. Muryar Baba ta tsufa amma ba ta karkace ba, kuma ba ya duba littafi. Da farko tsofaffi ne kawai ke zuwa, daga baya 'yan ƙungiyar mawaƙa suka fara leƙowa da wayoyinsu suna ɗaukar baitocin da ba su sani ba.

Abin da bai gyaru ba

Wani iyali ya bar sujadar Hausa ya koma ta Faransanci, ba su faɗi dalili ba, kowa kuma ya sani. Akwai waɗanda har yanzu in sun gaisa da Baba sai su dunƙule hannu a ƙirji daga nesa. Da baikon godiya ya zagayo, wasu suka ce a daina faɗin sunan mai kaya a gwanjo don a kauce wa abin bara. Baba ya ce a'a, a faɗi nasa. Aka faɗa. An yi ɗan shiru mai tsawo kafin ma'aikaciyar jinya ta taya, dattijon tebur ya ƙara, su biyun nan ne kawai suka yi ta ja har ta bar masa. Matarsa ta soya gyaɗar ta kai taron Zumuntar Mata. Wasu sun ci a wurin, wasu suka ƙulle a bakin zane suka ce sai sun je gida.

Mafi nauyi shi ne maganar jikarsa, wadda ta turo amalanken. Wani saurayi daga cikin mawaƙa ya nuna yana sonta, ita ma tana sonsa. Iyayensa, 'yan cocinmu ne masu zuwa tebur kowane wata, suka ce ba za su haɗa jini da gidan ba. Ma'aikaciyar jinya ta je ta zauna da uban, ta sake masa bayanin daga farko. Ya ce, "'Yar'uwa, ni na ji, na kuma yarda. Amma dangina da ke Minawao ba su ji ba, kuma su za su zo ɗaurin aure."

Dattawa biyu sun ce in sa maganar a jerin abin da majalisa za ta tattauna a zama mai zuwa. Kafin in rubuta na je gidan. Baba ya ce ba auren sa ba ne, in tambayi mai shi. Na same ta a bayan ɗaki tana ɓarar gyaɗa, na tsuguna na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta daɗe tana murza ɓawo a hannu, sannan ta ce, "Kawu, ku bari tukuna. Ina so in fara magana da mamarsa ni da kaina. In ya gagara, ni zan zo ofis in gaya muku."

Na dawo na rubuta jerin taron. Lamba ta huɗu na bar ta babu komai a gabanta.